Katako: Ƙauyen da Ke Cikin Birnin Yamai

Wanda ya ratsa kasuwar Katako a yau, cikin ƙarar guduma da hayaƙin maƙera, da wuya ya yarda cewa Yamai ta taɓa zama ƙauye. Amma a farkon ƙarni na 20, ƴan unguwanni ne kawai a gaɓar hagu ta kogin Isa, irin su Mawre da Kalle da Gawe, inda Arawa da Zabarmawa ke noman hatsi da kamun kifi. Ƙoramar Gunti Yena ce ke tattaro ruwan tudu ta zuba shi cikin kogi. A 1926 ne Turawan Faransa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Damagaram suka dawo da ita nan, sai gari ya fara faɗi.

Sai dai ba mulki kaɗai ya cika Yamai da jama'a ba. Yanayi ma ya taka rawa. Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma bai cika wuce milimita 600 ba. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu kan ƙare kafin shuka ta gaba. Yunwar 1931, da farin 1973 da na 1984, kowanne ya koro ayarin manoma da makiyaya zuwa birni. Garin da mutanensa ba su wuce dubu talatin da ɗoriya ba a 1960, ya kai kimanin miliyan ɗaya a ƙidayar 2012.

Sunayen wuraren da baƙin suka sauka sun riƙe labarinsu da Hausa. Unguwar Bukoki ta tuna da bukkokin farko, Katako kuwa da itacen gini da ake sayarwa a can. A nan ne ɗan cin rani ke samun mai masauki daga garinsu, ya koyi sana'a a hannunsa. Ana narkar da tsohon gorar-ruwa a zuba tukwane, ana fasa duro a ƙera akwati da murhu da bokitin ban ruwa. Abin da birni ya yar, shi Katako ke gyarawa, ya koma kasuwannin ƙauye.

Har yanzu kalandar gona ce ke juya rayuwar da yawa daga cikin ma'aikatan kasuwar. Da hadari ya fara haɗuwa, sai su ɗaure kaya su nufi gida da kuɗin iri da taki; bayan girbi su dawo. Saboda haka, malamin da ke son nuna wa ɗalibansa tarihin ƙauyukan Nijar ba lallai ya yi doguwar tafiya ba. Ya kai su Katako, su tambayi dattawan maƙera daga ina suka zo, kuma a wace shekara. Amsoshin za su jera musu shekarun fari ɗaya bayan ɗaya.