Shekara Huɗu da Rabi: Yadda Def Leppard Suka Kai ga Faifan Hysteria

A cikin tarihin kiɗan rok na ƙasar Ingila, da wuya a sami ƙungiyar da aka jarrabe ta tsakanin faifai da faifai kamar yadda aka jarrabi Def Leppard, wadda ta tashi a Sheffield, garin maƙeran ƙarfe, a shekarar 1977. Faifansu na uku, Pyromania, wanda ya fito a watan Janairu na 1983, ya sayu miliyoyi a Amurka, har ya kai matsayi na biyu a jerin faifan da aka fi saye, ba abin da ya tare masa na ɗaya sai Thriller na Michael Jackson. Duk wanda ya ga wannan ɗaukaka zai zaci hanya ta miƙe musu, alhali kuwa sai da shekara huɗu da rabi ta shuɗe kafin su sake fitar da wani.

Mafarin wahalar shi ne rashin malaminsu. Mutt Lange, wanda ya tsara musu sautin Pyromania, mutum ne mai tsananin ƙwaƙƙwafi, wanda yakan sa a maimaita kiɗa guda sau ba adadi, ya jera murya bisa murya har mutum biyar su yi amo kamar jama'a. To, da suka koma Dublin a 1984, domin gudun nauyin harajin Ingila, suka fara shirya sababbin waƙoƙi, sai ya ce gajiya ta ci ƙarfinsa, ba zai iya ɗaukar aikin ba. Suka ɗauko Jim Steinman, marubucin waƙoƙin Meat Loaf, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Hilversum ta ƙasar Holan, amma ra'ayi bai zo ɗaya ba, domin shi yana son a bar kiɗa da ɗanyen zafinsa, su kuwa sun saba da gyara har sai aibi ya ƙare. Aka sallame shi da kuɗi masu yawa, aka jingine abin da aka ɗauka.

Ana cikin wannan hali ƙaddara ta sauko. Ranar 31 ga Disamba 1984, mai gangarsu Rick Allen, wanda ya shiga ƙungiyar yana ɗan shekara 15, a lokacin kuwa yana da 21, ya yi haɗari da motarsa a wata hanya bayan garin Sheffield, hannunsa na hagu ya tsinke daga kafaɗa. Likitoci suka mayar da shi suka ɗinke, amma ciwon ya harbu, dole aka sake cire shi. Wanda ya san ganga ya san abin da wannan ke nufi, domin a irin kiɗansu hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda, kuma bisa al'adar wannan sana'a, wadda ba ta cika sanin sabo ba idan kuɗi ya shiga tsakani, abin da ake tsammani shi ne a yi masa jaje, a nemo wani.

A nan ne, a ganina, darajar waɗannan samari ta bayyana. Sauran 'yan ƙungiyar, wato Joe Elliott da Rick Savage da Steve Clark da Phil Collen, ba su nemi wani ba, suka bar masa gurbinsa, suka bar masa hukuncin ko zai dawo ko ba zai dawo ba, alhali bashi yana ta hawa kansu, masu sauraro kuma suna ta komawa ga wasu. Shi kuwa tun yana kwance a asibiti ya lura cewa ƙafarsa ta hagu za ta iya ɗaukar abin da hannun ya bari, sai aka haɗa kai da kamfanin Simmons aka ƙera masa ganguna masu aiki da lantarki, da matakai a ƙasa, waɗanda in ya taka sai su fitar da amon da a da hannu ke fitarwa. Ya shafe watanni shi kaɗai a ɗaki yana koyon sana'arsa sabuwa fil, kamar almajirin da aka wanke wa allo aka ce ya faro daga farko.

Lange ya dawo a 1985, aka rushe yawancin abin da aka gina aka sake sabon harsashi, sa'an nan shi ma ya yi haɗarin mota, Elliott kuma hangum ya kwantar da shi. A watan Agusta na 1986 suka fita wasa a Ailan, suka ɗauki Jeff Rich na ƙungiyar Status Quo ya zauna gefe da tasa gangar don gudun ko-ta-kwana. Wani dare Rich bai iso da wuri ba, Allen ya riƙe kiɗan shi kaɗai, daga nan aka tabbata ba a bukatar mataimaki. Ranar 16 ga watan Allen ya hau dandamali a Donington gaban dubban mutane, aka ambaci sunansa, filin ya kaure da sowa.

Hysteria ya fito ranar 3 ga Agusta 1987, bayan an kashe dukiyar da sai an sayar da miliyoyin faifai kafin a mayar da uwar kuɗi. A Ingila nan take ya hau na ɗaya. A Amurka sai da ya yi kusan shekara yana jan ƙafa, har waƙar Pour Some Sugar on Me ta karɓu a 1988 ta ɗaga shi zuwa na ɗaya. Daga bisani an sayar da fiye da miliyan 20 a duniya. Sai dai ba duka ne suka fita daga waɗannan shekaru lafiya ba, domin Steve Clark, wanda giya ta daɗe tana cinsa, ya mutu ranar 8 ga Janairu 1991 yana da shekara 30, kafin faifai na gaba ya kammala. Rick Allen kuwa ya ci gaba da zama mai gangar Def Leppard, ba a taɓa ba wani gurbinsa ba.