Yadda Aka Koyi Jinyar Cikin Shahon Farauta

Shaho tsuntsu ne mai ɓoye ciwo. Ko yana jin jiki, sai ka gan shi tsaye ƙyam a kan turkensa, ido a buɗe, sai ranar da zai faɗi. Mafarautan da suka hore shi a zamanin baya ba su da na'urar leƙa cikinsa. Babban abin da suke dubawa shi ne abin da ke fitowa daga jikinsa, wato kashi da dunƙulen gashin da yake amayarwa da safe. A kan waɗannan biyun aka gina ilimin jinyarsa, fiye da shekara dubu.

Shaho ba ya tauna. Yagar nama yake yi ya haɗiye har da gashi da ƙananan ƙasusuwa, su taru a wata jaka da ke ƙasan wuyansa. Daga nan ya riƙa tura abincin ciki kaɗan-kaɗan: ya miƙe wuya, ya murɗa shi gefe, ya danna ƙasa. Abin da ciki ya kasa narkarwa sai ya dunƙule shi ya kai girman ɗan dabino, ya amayo washegari. Na mai lafiya tauri gare shi, ba yauƙi, ba wari. Kashinsa kuma fari ne da ɗigon baƙi a tsakiya. In dunƙulen ya fito jagab da ragowar nama, ko kashi ya koma kore, to akwai magana.

Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya gamu da wannan tsuntsu a babin farauta, inda aka halatta abin da horarren kare ko horarren bazi ya kama. Larabawa sun bambanta bazi da sakar da shahin, mu kuwa duk shaho muke ce musu. Littafin Larabci mafi daɗewa da ya iso mana kan kiwonsu ana danganta shi ga mutum biyu, Adham bin Muhriz al-Bahili da al-Gitrif bin Ƙudama al-Gassani. Al-Gitrif ya yi sarkin farauta a fadar halifan Umayyawa Hisham bin Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743, an kuma haɗa littafin a zamanin halifa al-Mahdi na Abbasawa, tsakanin 775 da 785. Marubutan ba su ɓoye cewa sun ɗebo daga Farisawa da Rumawa da Turkawa da mutanen Hindu ba. Kaso mai yawa na littafin kan cuta da magani ne.

Abin da ya fi burge ni a aikin waɗannan magabata shi ne idonsu. Sun rarrabe ƙwarnafi da tsutsar ciki. Sun san cutar da kashi ke daskarewa ya yi fari fat ya toshe dubura. Sun lura cewa tsuntsun da aka yi wa koto kafin ya amayar da dunƙulen jiya yana cikin haɗari, kuma har yau wannan doka tana nan daram. Inda suka yi rauni shi ne wajen gano musabbabi. Ilimin likitancin zamaninsu, wanda aka gada daga Jalinus, ya jingina kowace cuta ga rinjayen zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Saboda haka sau da yawa ciwon ciki sai a ce maiƙo ne da majina suka taru, maganinsu kuwa wankin ciki. Ana ba da man shanu da zuma da sukari don a sassauta, ana ba da sabir mai ɗaci don a gudar. Maras lafiya kuma a ciyar da shi ɗumin naman ɗan shila.

A ƙarni na 9 aka rubuta wa halifa al-Mutawakkil wani littafin, wanda daga baya ya tsallaka teku. Sarki Firedirik na Biyu, mai mulkin Sisili da Jamus, ya sa Tiyodo mutumin Antakiya ya fassara masa shi zuwa Latin wajen 1240. Turawa suka riƙa kiran littafin Moamin, suka yi ta kwafarsa. Shi kansa Firedirik ya rubuta babban littafi kan farauta da tsuntsaye, ya yi niyyar saka sashen cututtuka, amma ya rasu a 1250 kuma sashen bai iso mana ba. Abin takaici ne, domin mutum ne da ba ya karɓar zance sai ya gwada da hannunsa.

A Ingila an buga Littafin St Albans a 1486, ɗauke da jerin cututtukan shaho da magungunansu. A farkon ƙarni na 17 wani gwani mai suna Simon Latham ya karkata zuwa ga sauƙi. Ya fifita naman da aka jiƙa a ruwa aka matse, don a rage wa tsuntsu ƙiba a hankali, da ƴan tsakuwoyi masu santsi da ake ba shi ya haɗiye ya amayo su lulluɓe da yauƙi. Daga baya an ga shahunan daji ma suna haɗiyar tsakuwa da kansu. Sai bindiga ta zo ta kashe kasuwar shaho a Turai, ilimin ya tsaya cik.

Madubin ƙara girma ne ya sake motsa shi. Akwai wata tsohuwar cuta da ke fito wa shaho da gudaji-gudaji rawaya a baki da maƙogwaro, har su gangara jakar wuya, ya kasa haɗiya, ya yi ta watsar da nama yana ramewa. Masu kiwon tantabara a ƙasarmu sun san irinta a bakin ƴan shila. Magabata kankare ta suke yi su shafa magani, galibi kuma tsuntsun ya mutu. A 1878 wani likitan dabbobi ɗan Italiya, Sebastiano Rivolta, ya gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta a jikin tantabara, wadda yau ake kira Trichomonas gallinae. A tsakiyar ƙarni na 20 Robert Stabler na Kwalejin Kolorado a Amurka, masanin ƙwayoyin cuta kuma mai farauta da shaho, ya yi shekaru yana bin diddiginta. Ashe tantabarar da ake ba shaho don ya murmure, ita ce sau da yawa ke kawo masa cutar. Yau ƴan kwanaki na maganin metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl, ko ɗan uwansa carnidazole, sukan kawar da ita. Masu kiwo kuma sun koyi yanke kan tantabara da wuyanta, su daskarar da naman kafin su bayar.

A 1974 Gary Duke da Patrick Redig suka kafa cibiyar jinyar irin waɗannan tsuntsaye a Jami'ar Minesota. Duke ya auna yadda cikinsu ke aiki, ya nuna cewa ruwan cikin shaho ya fi na mujiya tsami, shi ya sa yake narkar da ƙashin da mujiya ke amayowa ɗungurungum. Sannan aikin ya koma inda ya faro. An buɗe asibitin shahuna a Dubai a 1983, na Abu Dabi a 1999, inda ake zura siririn bututu mai kyamara a leƙa jakar wuya, a kuma duba kashi a ƙarƙashin madubi a ga ƙwan tsutsa ɗaya bayan ɗaya. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya farauta da shaho cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Da haka aka ƙara fahimtar wata cuta mai saurin kisa, wato ruɓewar abinci a jakar wuya. Jakar ba ta da ruwan narkarwa, ga ɗumin jikin tsuntsu da ya haura digiri 40. In nama ya kwana bai wuce ba sai ya fara ruɓa, bakin ya yi ɗoyi, guba ta shiga jini. Sababinta kan zama cika wa ramammen tsuntsu ciki, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko naman da ya kwana, ko harsashin darma da ya haɗiye a jikin abin da aka harbe. Likita kan sa shi barci ya kwashe naman, ya wanke jakar, ya yi masa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a fara abinci mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan.

Wankin ciki kuwa bai mutu ba. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf wasu kan ɗura wa shaho gishirin nushadir a farkon kakar farauta, da nufin ya amayo maiƙo yunwarsa ta yi kaifi. Likitan dabbobi Jaime Samour da abokan aikinsa sun bayyana a shekarun 1990 yadda wannan ke kashe tsuntsun da ya kasa amayar da gishirin. A ganina ba shi da sauran hujja, tunda ma'auni da kayyade abinci suna biyan wannan buƙata ba tare da kasada da rai ba.

Mai karatu, in yara suka kawo maka shaho ko shirwa da suka tsinta a galabaice, kada tausayi ya sa ka cika masa wuya da nama. Ka sa shi cikin kwali a wuri mai duhu da iska, ka nemi likitan dabbobi a ranar.