Yadda sarewar Ailan ta haɗu da gangar Senegal a Ingila

Yunwar da ta auka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852 ta tura dubban mutane biranen masana'antu na Ingila. Wasu suka biyo baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna neman aikin gini da na asibiti. A Birmingham suka yi sansani a unguwar Digbeth, a Manchester kuma suka kafa majami'u da gidajen taro, inda yara ke koyon kiɗan iyayensu da kunne. A cikin wannan al'umma aka haifi Michael McGoldrick a Manchester a 1971, wanda ya tashi gwanin sarewa.

Zumuncin da Afirka ta Yamma kuwa daga Senegal ya faro. Simon Emmerson, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, yana aikin faifan Lam Toro da Baaba Maal, mawaƙin nan Bafulatani ɗan garin Podor, sai ya ji wani sauti da ya yi kama da tsohon karin Ailan. Abin ya tsaya masa a rai. A 1995 ya tara makaɗan ɓangarorin biyu a ɗakin ɗaukar sauti na Real World, mallakar mawaƙi Peter Gabriel, aka kafa ƙungiyar Afro Celt Sound System. Faifansu na farko ya fito a 1996. A na biyu, Release, na 1999, aka ji busar McGoldrick da muryar Sinéad O'Connor, tare da kora mai tsirkiya 21 ta N'Faly Kouyaté ɗan Gini.

Bahaushe zai fi gane sirrin haɗuwar idan ya dubi hammatar makaɗan. Moussa Sissokho, makaɗin ƙungiyar, yana matse gangar tama kamar yadda makaɗan Shata ke matse kalangu, tsirkiya ta ɗaure, murya ta hau. Mai busa uilleann, sarewar salka ta Ailan, shi ma da gwiwar hannu yake zuga iska, ya matse salka a ɗaya hammatar, sauti ya yi ta kwarara ba yankewa.

Wasu sun ce kamannin alama ce ta dangantakar jini tun fil azal, amma wannan zancen baka ne. Abin da ya tabbata shi ne, kowane ɓangare ya gaji kiɗansa baki da baki, kuma a Ingila suka haɗu. Emmerson ya rasu a 2023, McGoldrick kuwa yana nan yana busa.