Ikon Tsare Mutane Lokacin Tawaye: Darasi Daga Yaƙin Basasar Amurka

Daga cikin abubuwan da Amurka ta gada daga shari'ar Ingila akwai habeas corpus, watau umarnin da alƙali kan bayar cewa a kawo wanda aka tsare gabansa, a bayyana dalilin tsare shi. Tsarin Mulkin Amurka ya hana dakatar da wannan haƙƙi sai lokacin tawaye ko mamaya, amma bai ambaci mai ikon dakatarwar ba.

Giɓin ya fito fili a 1861, bayan jihohin kudu sun ɓalle. Ran 27 ga Afrilu Shugaba Abraham Lincoln ya ba sojoji iznin dakatar da haƙƙin tsakanin Filadelfiya da Washington. Cikin Mayu suka kama John Merryman a jihar Maryland bisa zargin taimakon 'yan tawaye. Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya ce a kawo shi, kwamandan sansanin ya ƙi. Taney ya yanke cewa Majalisar Dokoki kaɗai ke da wannan iko. Lincoln bai bi ba; hujjarsa ita ce ba a barin ƙasa ta rushe domin kiyaye doka guda. Sai a Maris 1863 Majalisa ta ba shi ikon.

A 1866, cikin shari'ar Lambdin Milligan, wanda kotun soja ta yanke wa hukuncin rataya, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa soja ba su da hurumin yi wa farar hula shari'a inda kotunan ƙasa ke aiki. Sai dai wannan hukunci ya zo ne bayan yaƙi ya ƙare, sa'ad da yawancin waɗanda aka tsare sun riga sun sha ɗaurinsu.