Daga Takedda zuwa Zanen Gadon Asibiti: Tarihin Jan Ƙarfe a Matsayin Makashin Ƙwayoyin Cuta

A unguwar Nasarawo ta birnin Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, tasoshi da butocin tagulla da kakanni suka bari sun koma kayan ajiya, roba da samira sun maye gurbinsu. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙarfen da ke cikin waɗannan kayayyaki, wato jan ƙarfe, domin nuna yadda ya tashi daga kuɗi da ado ya shiga cikin zaren tufafi a matsayin kariya daga cuta.

Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takedda, wadda masana da dama ke ganin ita ce kufan Azelik da ke yankin Agadas. Ya bayyana yadda ake narka shi a mayar da shi sanduna, sirara da masu kauri: da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri kuwa gero da man shanu da alkama. Daga nan fatake ke kai shi Gobir da Barno. Maƙeran fari suka ƙera mundaye da kayan doki da shi, amma babu wanda ya haɗa shi da saƙa.

Sanin amfaninsa ga lafiya ya biyo wata hanya daban. Tsoffin takardun likitanci na Misira sun ambaci sa shi a rauni. A ƙarni na 19, likita Victor Burq ya lura cewa annobar kwalara a Faris ba ta cika kashe masu aikin jan ƙarfe ba. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince cewa tsurar ƙarfen na hallaka kashi 99.9 cikin ɗari na wasu ƙwayoyin cuta cikin awa biyu.

Yadda abin ke aukuwa a tufa shi ne: ana cuɗa garin ƙarfen da zare tun wajen kaɗi. Da gumi ko danshi ya taɓa shi, sai ƙananan ɓurɓushinsa masu ɗauke da cajin lantarki su saki, su manne wa fatar ƙwayar cuta su huda ta, sannan su kutsa ciki su lalata sinadaran rayuwarta da kundin gadonta. Da yake harin ta fuskoki da yawa yake zuwa, da wuya ƙwayar ta saba da shi kamar yadda take sabawa da magunguna. A 2010 an aika wa mahaƙa 33 da rami ya rufta da su a ƙasar Cile irin wannan safa saboda cutar fatar ƙafa.

Sai dai a ganina bai kamata a ɗora wa tufa yabon da tsurar ƙarfe ta samu ba. Aikin tufa ya fi jinkiri, wanki kuma na rage ƙarfin wadda aka shafa wa ƙarfen a sama kawai, gwaje-gwajen zanen gado a asibitoci ma sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Gombe, wadda jirgin ƙasa ya fara kwashe audugarta a 1963, ta fi kusa da zaren. Ƙarfen kuwa yanzu Cile da Kwango ne ke kan gaba wajen haƙo shi.