Dashen ƙwayoyin asali don gyaran gani: inda bincike ya kai

A 'yan shekarun nan ana yawan jin maganar "cellules souches" a Yawunde, daga Briketeri har Etudi, musamman a saƙonnin WhatsApp masu alkawarin dawo wa makaho da ganinsa. Ga abin da likitoci suka tabbatar.

Mene ne ƙwayoyin asali?

Ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun zama na wata gaɓa ba, don haka ana iya sarrafa su su zama na fata, na jini ko na ido. A 2006 masanin Japan Shinya Yamanaka ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012.

Wace cuta ake nufi?

A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske. Idan ƙwayoyinsa suka mutu, saboda tsufa ko ciwon gado, jiki ba ya sake yin wasu. Mutum sai ya ga tsakiyar abu ya dushe, ya kasa karatu ko gane fuska. Burin masu bincike shi ne su dasa sababbin ƙwayoyi a gurbin matattun.

Gwaje-gwajen da aka yi

A 2014, a birnin Kobe na Japan, ayarin likita Masayo Takahashi ya dasa wa wata dattijuwa ƙwayoyin da aka samo daga fatarta. Ganinta bai ƙaru ba, amma bai ci gaba da lalacewa ba. A 2018 likitocin asibitin Moorfields na Landan sun sanar cewa mutum biyu da aka yi wa dashe sun koma karatu. Duk wannan gwaji ne a kan mutane ƙalilan. Maganin da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015, Holoclar, na gyaran gaban ido ne bayan ƙuna, ba na tantanin baya ba.

Hatsarin

A 2015 wasu mata uku a jihar Florida ta Amurka sun biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido biyu. Ɗaya ta makance gaba ɗaya, sauran biyun ganinsu ya lalace ƙwarai. Garin magani ko ƙwayar haɗiya da ake tallatawa da wannan suna kuwa, babu hujjar cewa suna gyara tantanin ido.

Abin da ya kamata a yi

A fara sanin sunan ciwon. Yanar ido, wadda ke kan gaba wajen makantar da mutane a Afirka, aikin tiyata na ɗan lokaci ke kawar da ita. Hawan jinin ido kuwa, abin da ya ci ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa ko tiyata na tsare sauran ganin. Mai ciwon suga ya riƙa kai idonsa awo duk shekara.

Mazauna Yawunde na iya zuwa Babban Asibitin birnin ko cibiyar ido ta Magrabi da ke Obak. Masu dangi a Najeriya akwai asibitin ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Duk wanda ya nemi kuɗi masu yawa tare da alkawarin warkewa tabbas, a kai takardarsa wa likitan ido kafin a sayar da fili ko shanu.