Shekaru talatin a bakin ƙofar Kano

A shekarar 1900 Bishop Tugwell na CMS ya iso Kano da ayarinsa, har da Likita Miller a ciki. Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, inda ɗayansu, Ryder, ya rasu. A Girku ɗin ne Walter Gowans na SIM ya rasu tun 1894.

Cin Kano da Turawa suka yi a 1903 bai buɗe ƙofar ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba. Miller ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, amma a 1929 aka mai da aikin Wusasa, bayan ganuwa, ba da son ransa ba.

Shawara mai wuya ta zo wa SIM a shekarun 1930, sa'ad da gwamnati ta miƙa mata wuraren jinyar kuturta: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Amma da sharuɗɗa a kan wa'azi. In sun karɓa, sun ɗaure bakinsu da kansu. In sun ƙi, za su ci gaba da zama a waje, marasa lafiya kuma ba mai duba su. Suka karɓa. A ganina sun yi daidai, ko da yake ba kowane mai bishara zai yarda ba. Ta nan aikin ya sami gindin zama a ƙasar Kano, daga baya ya kai ga ƙauyukan Maguzawa, har da na Karaye da Rogo.